Legas zuwa Zariya ta sama: a sauka Kaduna ko a zarce Kano?

Wata ranar Talata bayan sallar isha'i muna zaune a bakin masallacin layinmu a Agege, mai shayi na ta kaɗa ƙwai a kofi, sai wani Alhaji maƙwabcina mai sana'ar goro ya miƙo mini wayarsa.

"Malam, duba mini nan. Ɗaurin auren 'yar ƙanena ne ranar Asabar a Zariya, ƙarfe sha ɗaya na safe. Yaron nan nawa ya ce in sauka Abuja, wai ita ce mafi kusa, awa ɗaya kacal. Ni kuma Kano na saba. Ga kuma wani na Kaduna can ƙasa. Kai me ka gani?"

Na ce, "Alhaji, ai sai a tambayi yaron, kusa da ina? Kusa da Legas ko kusa da Zariya?"

Aka yi dariya, yaron ya sunkuyar da kai. Amma ban ga laifinsa ba, don abin da waya ta nuna masa shi ya faɗa. Waya na nuna tazarar da ke tsakanin filin jirgi da filin jirgi da mintunan da za a yi a sama. Mutum kuwa ba filin jirgi za shi ba, gida za shi. Ni mutumin Zariya ne, shekaruna sun yi nisa a Ikko, kuma duka hanyoyin nan uku na bi su, wata da daɗi, wata da ƙyar da jiɓin goshi. Abin da na gaya wa Alhaji a daren nan shi zan shimfiɗa a nan, da ɗan ƙari.

Mu fara da awo. Daga filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja zuwa filin Nnamdi Azikiwe na Abuja, in aka ja miƙaƙƙen layi ta sama, kimanin kilomita 511 ne. Zuwa filin jirgin Kaduna kimanin 635. Zuwa filin Malam Aminu Kano kimanin 835. Wanda ya leƙa intanet ya ga an rubuta 318 a Abuja ko 519 a Kano kada ya ce an yi masa ƙarya, da mil aka auna, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne da ɗan ɗoriya. Matuƙa ma da nasu mil ɗin daban, irin na jiragen ruwa, mai kilomita 1.852, shi ya sa a bakinsu Kano mil 450 ce daga Legas. Tazarar dai ɗaya ce, mudun ne ya bambanta.

Lokacin da ake bugawa a tikiti yakan kama daga awa ɗaya da minti 10 zuwa 20 in Abuja za ka, awa ɗaya da kwata ko sama da haka kaɗan in Kaduna ce, awa ɗaya da rabi zuwa da minti 40 in Kano ce. Wannan lissafin yana farawa ne daga sadda aka ture jirgi daga inda yake fake har ya je can ya tsaya cak, wato har da gangarawa zuwa bakin titin tashi da jiran layi. Ainihin zaman da ake yi a sama bai kai haka ba: Abuja wajen minti 55, Kaduna awa ɗaya da 'yan mintuna, Kano wajen awa ɗaya da kwata.

Mai lura zai ce, yaya Kano ta fi Abuja nisa da kilomita sama da 300 amma bambancin lokacin bai wuce minti 20 zuwa 25 ba? Dalilin shi ne a gajeriyar tafiya irin wannan, hawa da sauka su ke cin kaso mai tsoka. Jirgi zai yi kusan minti 20 yana ɗagawa kafin ya daidaita, ya sake yin kusan haka ko fiye yana gangarowa, kuma wannan dole ne ko ina za shi. Tsakiyar tafiyar ce kawai ke tsawo ko gajarta, a nan kuwa jirgi irin Boeing 737 yana gudun kilomita 800 da wani abu a awa. Kilomita 200 da ke tsakanin Kaduna da Kano, a wurinsa tafiyar kwata ce. Kafin ma'aikaciyar jirgi ta gama tattara kofunan ruwa an cinye ta. Sai dai in mai farfela ka hau, irin ATR, wanda gudunsa bai wuce 500 da 'yan kai ba. Shi kam tafiyar Kano za ta kai ka kusan awa biyu, sai ka duba irin jirgin kafin ka biya.

Saboda haka duk wanda ke zaɓen filin da zai sauka don ya rage zama a sama, a kan minti 15 yake ciniki. Ainihin cinikin yana ƙasa.

Akwai abin da na daɗe ban lura da shi ba sai da na shimfiɗa zare a kan taswira. Legas, Kaduna, Zariya da Kano kusan a layi ɗaya suke. Zaren da ya tashi daga Ikeja zai bi ta gabashin Ibadan, ya haye Kogin Kwara ƙasa da Jebba, ya ratsa jihar Neja, ya bi dab da filin jirgin Kaduna, ya wuce kusan ta saman Zariya, sannan ya dire Kano. Haɗa 635 da 200 ka ga 835 ta fito daidai. Ma'ana, Bazazzagin da ya hau jirgin Kano ya wuce ƙofar gidansu ne ta sama, ya yi gaba da wajen kilomita 140 cikin minti goma sha wani abu, sannan ya sauko ya nemi mota ya dawo da baya awa biyu da wani abu. Hanyoyin da jirage ke bi a zahiri sukan ɗan karkace daga zaren nan, amma ba da yawa ba. Na taɓa zama ta taga da rani, gari garau, ina ganin wani gari shimfiɗe a ƙasa da na tabbata namu ne, ina ji kamar in ce wa direba "akwai sauka". Zariya na da nata ƙaramin filin jirgi na Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da aka kafa a 1964, sai dai na ɗalibai ne, jiragen haya na fasinja ba sa zirga-zirga a can.

To a takarda Kaduna ta yi nasara, ba ma sai an kai ruwa rana ba. Filin jirginta yana bayan gari ta arewa maso yamma, a ƙaramar hukumar Igabi, wajen kilomita 20 daga cikin gari. In ka fito sai Mando, daga Mando sai Kawo, ba ka ma shiga tsakiyar Kaduna ba balle cunkoson Kasuwa ya riƙe ka. Daga Kawo ka miƙe: Rigachikun, Maraban Jos, Birnin Yero, Jaji, sai ga Ɗan Magaji. Kilomita 75 zuwa 80 ke nan a tagwayen hanya. In akwai mai jiranka da mota, awa ɗaya da rabi daga ƙofar filin jirgi kana zauren gidanku ana kawo maka ruwa. In kuma ta tasha za ka bi, ƙara lokacin da za a ɗauka kafin mota ta cika a Kawo, wanda da rana ba ya daɗewa, don motar Zariya ba ta yankewa.

Kano kuwa filin jirginta a cikin gari yake, ta gefen Fagge da Sabon Gari. Ga mutumin Kano wannan alheri ne, ga mai zuwa Zariya aiki ne, domin filin yana arewa, hanyar Zariya tana kudu, sai ka keta garin ko ka zagaye shi. In ka sauka da hantsi ko wajen tashin kasuwa, tsakanin 'yan adaidaita sahu da manyan motoci, minti 40 zuwa awa ɗaya na iya tafiya kafin ka ga Unguwa Uku ko Na'ibawa. Daga nan Kura, Kwanar Ɗangora, Tashar Yari, har Kwangila. Gaba ɗaya wajen kilomita 150 ne daga filin jirgin, awa biyu da rabi in komai ya tafi daidai, uku in da jiran lodi. Idan ka haɗa da kwatan da ka ƙara a sama, Kano ta fi Kaduna cin lokaci da awa ɗaya da kwata zuwa awa biyu. Kuɗin mota ma haka, musamman ga wanda zai ɗauki shata.

Wannan lissafin na mai shiga cikin Zariya ne, kuma ko a cikinta akwai ɗan bambanci: mai tahowa daga Kaduna shi ke fara isa Wusasa da cikin birni, mai tahowa daga Kano shi ke fara taɓa Dogarawa da Sabon Gari. Wanda zai zarce Giwa ko Funtuwa, Kaduna ta fi masa. Mutumin Makarfi ko Ikara kuwa tazarar ta kusa zama kunnen doki, ya bi duk wadda ta fi sauƙin tikiti.

Da a nan maganar ta tsaya da ban tsawaita ba. Inda gizo ke saƙar shi ne yawan jirage.

Jiragen da ke tashi daga Legas kai tsaye zuwa Kaduna kaɗan ne. Akwai lokacin da za ka samu ɗaya ko biyu a rana, akwai lokacin da sai wasu ranaku na mako. Filin ya ga zamani biyu a 'yan shekarun nan. A 2017, daga Maris zuwa Afrilu, an rufe filin Abuja makonni shida don gyaran titin jirgi, aka karkato da jiragen Kaduna, wurin ya cika ya batse. A Maris 2022 kuma 'yan bindiga suka kai hari gefen filin, kwana biyu bayan haka aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna mummunan hari, kamfanoni suka janye jiragensu na wani lokaci. An dawo, amma har yanzu zirga-zirgar ba ta kama ƙafar ta Kano ba. Illar ƙarancin jirgi ba ta bayyana sai ranar da aka soke naka. A hanyar da jirgi ɗaya ne, sokewa na nufin sai gobe, goben ma in akwai kujera. Ɗaurin aure kuwa ba ya jiran kawun amarya.

Kano ta fi yawan jirage nesa ba kusa ba: da safe akwai, da rana akwai, da yamma akwai, kuma ba kamfani ɗaya ba. Air Peace, Max Air da Rano Air na cikin masu bin hanyar. In na wannan ya ƙi, kana iya tsallakawa kantar wancan ka sayi wani, ko da da tsada, ka kwana a Arewa a ranar. Wannan shi ne abin da kake saya da ƙarin awa ɗaya da rabin nan na mota: mafita in abu ya ɓaci.

Amma a kula da wani tarko a tikitin Kano. Ba kowane jirgin da aka rubuta Legas zuwa Kano ne ke miƙewa ba, wani sai ya yada zango Abuja ya sauke ya ɗauka. A awo abin ba komai ba ne: 511 zuwa Abuja, sai 365 daga Abuja zuwa Kano, 876 ke nan, ƙarin kilomita 40 kacal a kan miƙaƙƙiyar hanya. A agogo kuwa ya zama sauka biyu, tashi biyu, da zaman minti 30 zuwa 45 a ƙasa, tafiyar awa ɗaya da rabi ta koma wajen awa uku. In ka ga lokacin isa ya yi nisa da lokacin tashi fiye da awa biyu, to akwai zango a ciki. In ma canjin jirgi ne a Abuja da tikiti biyu na kamfani daban-daban, wannan ban ba kowa shawararsa ba, don in na farko ya makara na biyun ba ruwansa da kai.

Sai maganar sa'ar tashi, wadda a wurina ta fi sunan filin muhimmanci. Jirgi ɗaya ne ke yin sawu huɗu, biyar, shida a rana. In ya makara minti 30 a sawun farko, makarar na bin sa tana ƙaruwa har dare. Jirgin asuba kuwa a Legas ya kwana, yana nan yana jiranka. Na koyi wannan ne a wani Disamba, da na yanki tikitin Kano na ƙarfe huɗu na yamma don in gama harkokina a kasuwa tukuna. Ƙarfe huɗu ta yi aka ce biyar da rabi. Biyar da rabi aka ce jirgin bai taso daga inda yake ba. Muka yi magariba a ɗan masallacin wurin, muka yi isha'i, wata dattijuwa kusa da ni ta kwance ƙullin dambun naman da za ta kai wa jikoki ta fara rabawa, tana cewa, "Ku ci 'ya'yana, wanda ya rage su samu." Ba mu taka Kano ba sai wajen sha ɗaya na dare. Hanyar Zariya a wannan lokacin ban ga dalilin bin ta ba, na buga wa wani ɗan'uwa a Kurna waya na tashe shi daga barci. Washegari da hantsi na shiga gida. Tafiyar da waya ta ce awa ɗaya da minti 35 ce ta cinye mini kusan awa ashirin daga ƙofa zuwa ƙofa.

Shi ya sa nake auna kowane tikiti da tambaya ɗaya: in aka ƙara masa awa uku na jinkiri, zan isa Zariya da sauran rana? Na Kaduna mai tashi ƙarfe sha biyu ya ci wannan jarrabawar. Na Kano sai mai tashi kafin goma ko sha ɗaya. Na Abuja sai na asuba. A tuna kuma rana ta fi saurin faɗuwa a can. Agogonmu ɗaya, amma Kano na gabas da Legas da digiri biyar da ɗan wani abu, wato wajen minti 20 a lokacin azahar, kuma da hunturu magaribar Kano na riga ta Legas da kusan rabin awa. Mai tafiya da azumi ya san wannan, riba ce gare shi in zai tafi, bashi ne in zai dawo.

Yanayi ma na da nasa hukunci. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan rufe Arewa, in ya yi kauri matuƙi ba ya ganin titi daga nisan da doka ta ƙayyade, sai a jinkirta ko a soke. Kano da Kaduna duk yana taɓa su, Kano ta fi shan sa don ta fi kusa da hamada, sai dai ita kuma tana da jirage na gaba da za a tura ka ciki in gari ya washe. Da damina kuwa matsalar daga nan Legas take tasowa, musamman Yuni da Yuli, hadari ya haɗo a dakatar da tashi awa guda, ruwa ya cika titunan gari. Dokar NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, ta tanadi cewa in jinkirin jirgin cikin gida ya kai awa biyu a ba fasinja abin taɓawa, in ya wuce awa uku yana da damar neman a mayar masa da kuɗinsa. Yana da kyau mutum ya san haka ya kuma nema cikin lalama. Amma kuɗin da aka mayar maka ba su kai ka Zariya ba.

Abujar da yaron Alhaji ya zaɓa fa? Hanyar Legas zuwa Abuja ita ce mafi cikar jirage a ƙasar nan, daga asuba har dare ba ta yankewa, kuma saboda gasar kamfanoni wani lokaci tikitinta ya fi sauƙi. Iyakar alherinta ke nan ga mai zuwa Zariya. Daga filin jirgin sai ka nemi Zuba, daga Zuba zuwa Kaduna kilomita 165, ka ratsa ko ka zagaye Kaduna, sannan ka ɗora na Zariya. Jimla ta doshi kilomita 280, awa huɗu zuwa biyar, a hanyar da aka shafe shekaru ana aikinta. Ka rage minti goma a sama ka ƙara awa uku a ƙasa, an gudu ba a tsira ba. Akwai jirgin ƙasa daga Idu a Abuja zuwa Rigasa a Kaduna, kilomita 186, da aka buɗe a 2016, zama ne mai daɗi na awa biyu da wani abu. Amma sawunsa kaɗan ne a rana, tikitinsa sai ka riga ka saya ta intanet, kuma dole saukarka ta dace da tashinsa. Jirgin sama, mota zuwa Idu, jirgin ƙasa, mota daga Rigasa zuwa Kawo, mota zuwa Zariya: hawa biyar, ko wanne ya kuskure sauran sun rushe. Ga saurayi mai jaka ɗaya a baya ba laifi. Ga dattijo da buhun tsaraba da iyali, wahala ce. Ni ina ajiye Abuja ne a matsayin ƙofar baya, ranar da Kaduna da Kano duk suka ƙi.

Duk wannan lissafin Arewa ne. Rabin tafiyar kuwa a nan Legas ake yin ta, kuma ita ce ke yanke wa mutum irin jirgin da zai iya kamawa. Mu na Agege Allah ya hutar da mu, filin jirgi maƙwabcinmu ne, bai kai kilomita 10 ba. Da asuba ta Agege Motor Road minti 20 ya isa, ko da yake da hantsi Ikeja Along kaɗai na iya riƙe ka fiye da haka. Na Idi-Araba da Mushin su biyo ta Oshodi, su ma ba nisa. Na Mile 12 sai ya yi sammako kafin Ketu da Ojota su cushe. Amma ɗan'uwanmu na Alaba Rago, ko mai gadi ko ɗan canji da ke zaune Ajah, shi na Ajah ɗin ma tazararsa ta haura kilomita 40 kuma sai ya hau gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, wannan yakan daɗe a gosulo fiye da yadda zai daɗe a sama har Kano. In jirginsa na ƙarfe bakwai ne, ƙarfe huɗu ya kamata ta same shi a hanya, ko ya zo Agege ya kwana wurin 'yan'uwa, wanda shi ne abin da masu wayo ke yi. Jirgin ƙasa na Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 tsakanin Agbado da Oyingbo yana tsayawa Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba, yana taimakon mai kaya marasa nauyi, amma daga tashar Ikeja sai ka sake hawa mota zuwa filin.

Kuma ka san ƙofar da za ka. In ka ce wa direba "iyafot" kawai, yana iya kai ka ɓangaren ƙasashen waje, wanda ke can wani gefe ta hanyar Oshodi. Ka ce masa lokal. A lokal ɗin ma gini biyu ne, MMA2 da aka buɗe a 2007 da kuma GAT, kowane kamfani da inda yake lodi. Suna kusa da juna, amma mai jan akwati biyu ana saura minti biyar a rufe kanta ba zai ce kusa ba ne. Ana rufe karɓar kaya minti 30 zuwa 45 kafin tashi, kuma ba a jin roƙo. Duba tikitinka tun a gida ka ga wanne aka rubuta, ba a fafe gora ranar tafiya.

Kaya ma su shiga lissafi. Yawancin tikiti na ba da kilo 15 zuwa 23, gwargwadon kamfani da ajin tikitin, abin da ya haura a biya kan kowane kilo. Ƙananan jirage irin Embraer 145 masu kujeru 50 wurin kayansu kaɗan ne, wani lokaci akwatinka ya biyo jirgi na gaba. In Kano ce, na gaban na iya zuwa da yamma. In Kaduna ce, sai ka sake dawowa daga Zariya gobe ko jibi. Wanda ke da kayan biki masu yawa gara ya ba motar safa ko 'yan tirela kwana uku kafin tafiyarsa, ya hau jirgi da jakar hannu. Hanyar motar ta kai wajen kilomita 1,000 in an bi ta Ilorin da Jebba zuwa Kano, ta fi haka in an zagaya ta Lokoja. Kaya ba sa gajiya, mutum ne ke gajiya. Iyayenmu da suka kawo goro da shanu garin nan a jirgin ƙasa suka yi ta, kilomita 1,126 daga Ikko zuwa Kano, kwana da kwanaki. Kano ɗin ce kuma inda jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, a Nuwamba 1925. Abin da ke ba ni sha'awa duk sadda na riƙe tikitin hanyar nan shi ne ka tashi daga filin da ke ɗauke da sunan Bakano, Janar Murtala, ka sauka a mai sunan wani Bakanon, Malam Aminu.

Ga dai inda na tsaya. In tafiyar ba ta gaggawa ba ce, akwai jirgin Kaduna kai tsaye da safe ko da rana tsaka a ranar da kake so, kuma kana da kwana ɗaya a hannu ko da an soke, hau na Kaduna. Ya fi kusa, ya fi arha a kuɗin mota, ya fi sauƙi ga tsoho da mai jego da mai yara. In kuwa dole ne ka kwana Zariya a ranar, ko jirgin Kaduna na yamma ne liƙis, ko lokacin hazo ne, ko akwai inda za ka kwana a Kano in dare ya yi, to yanki na Kano na farkon safiya ka haƙura da awa biyu da rabin mota. Maganar rasuwa daban ce: jana'iza da wuya ka same ta ko ta ina ka bi, in da safe aka yi rasuwar kafin azahar an kai, don haka kada ka zuba kuɗi a tikitin gaggawa na dare, bi na asuba ka isa zaman makoki da rana. Wajen farashi kuma, kada ka kwatanta tikiti da tikiti, haɗa kowanne da kuɗin motarsa har Kwangila sannan ka gwada. Sau da yawa tikitin da ya fi arha a waya shi ne ya fi tsada in an isa.

Na gama wannan dogon bayani, shayina ya huce, na ce wa Alhaji tunda ɗaurin auren Asabar ne, ya tafi Juma'a, kuma ga na Kaduna nan ƙarfe sha ɗaya da rabi, ya ɗauke shi; in ya ƙi, yana da yammacin Juma'a ya nemi na Kano.

Ya karɓi wayarsa ya yi shiru yana shafa gemu. Can ya ce, "Malam, duk na ji, Allah ya saka. Amma Hajiya ta ba ni sautun atamfa turmi shida a Kantin Kwari, na 'yan'uwan amarya. In na je Zariya hannu rabbana, ba ni da bakin magana."

Ya juya wurin yaron. "Kai, yankar mini na Kano. Na ƙarfe bakwai, ba na yamma ba. Ka duba kuma kada ya zama mai tsayawa Abuja."